Me Ya Sa Kuben Wuƙata Ba Ya Tsayawa Kamar Na Kaboyi?

Tambaya daga wani matashin baduku: "Assalamu alaikum. Ina ɗinka jaka da takalma da zabira. Na ga hotunan kuben wuƙa da na bindiga irin na kaboyin Amurka, masu tauri da zanen furanni, sai na kwaikwaya. Nawa ya yi kyau a ido, amma bayan 'yan makonni ya saki, wuƙar ta yanke ɗinkin, kuma ta yi tsatsa a ciki. Ina matsalar take? Sannan wannan aiki yana da kasuwa a nan kuwa?"

Wa alaikumus salam, ƙanena. Allah ya sa wa sana'a albarka.

Tun da kana ɗinka jaka da takalma, ba na zargin hannunka. Sakin da kuben ya yi da tsatsar da wuƙar ta yi, duka biyun daga fatar da ka saya suke. Yankewar ɗinkin kuwa daga wani ɗan yanki ne da ba ka saka ba, kuma ba laifinka ba ne, don a hoto ba a cika lura da shi ba.

Akwai bambancin da ya kamata ka fara riƙewa. Yawancin kuben wuƙa da na takobi da ake sayarwa a kasuwanninmu, ƙarfinsu a ciki yake. Ana sa siririn katako ko kwali ko busasshen ƙirgi a zama ƙashin kuben, sannan a lulluɓe shi da fatar akuya mai laushi, a yi mata rini da ado. Fatar waje riga ce kawai. Kuben kaboyi ba shi da wannan ƙashi. Fatar saniya mai kauri ita ce rigar, ita ce kuma ƙashin. Idan ka ɗauki siffar tasu ka ɗinka da fatar da aka tanada don tsarin namu, ka bar katakon kuma ba ka samu kaurin ba, dole kube ya langaɓe.

Wannan ba raina fatarmu ba ne. Jar akuyar Sakkwato ta ba duniya fatar da ayari ya riƙa ƙetare Sahara da ita, har Turawa suka san ta da sunan fatar Maroko suna yi wa littattafansu masu tsada bango da ita. Laushinta da ƙarfin fuskarta su ne darajarta. Amma kube irin wanda kake so ba laushi yake nema ba.

Su ma kaboyin ba da gangan suka zaɓi kaurin ba, abin da ke hannunsu ke nan. Kiwon shanu a kan doki Sifaniyawa ne suka kai shi Meziko tun ƙarni na 16, makiyayan Meziko suka raya shi, mutanen Texas da California suka koya daga gare su. Bayan yaƙin basasar Amurka, daga 1867, aka shiga kora garken shanu daga Texas zuwa tashar jirgin ƙasa ta Abilene a jihar Kansas, tafiyar watanni a kan sirdi. Duk garin da makiyayan nan ke yada zango akwai shagon mai sirdi, kuma shi ne ke ɗinka bel da kube da gidan bindiga, sau da yawa da ragowar fatar sirdin. Fatar sirdi kuwa mai kauri ce, an jeme ta da ɓawon itace. Duk dabarun da za ka gani a wannan aiki, jiƙawa da matsewa da bugun zane, an gina su ne a kan halin wannan fata.

To, ga batun jima, wanda shi ne rabin amsarka. Jima iri biyu ce ta mamaye kasuwa. Akwai ta tsiro, wadda majemanmu ke yi da bagaruwa, Turawa kuma ke yi da ɓawon itatuwansu. Akwai kuma ta sinadarin kurom, wadda wani mai suna Augustus Schultz ya yi wa rajista a Amurka a 1884, kuma yau ita ce mafi yawan fatar da ake yi a duniya, saboda abin da jimar tsiro ke ɗaukar makonni ko watanni, kurom yana gama shi cikin kamar kwana guda. Fatar jaka da ta saman takalmi da ta kujerar mota, yawanci ta kurom ce. Tana da laushi, tana jure ruwa, ba ta riƙe siffa. Ko ka jiƙa ta ka matse ta a jikin wuƙa, tana bushewa za ta koma yadda take. Fatar bagaruwa kuwa idan ta sha ruwa sai ta yi laushi ta bi duk inda ka tura ta, idan ta bushe ta ƙame a haka. Wannan hali shi ke sa kube ya kama wuƙa har ka ji ɗan ƙara idan ta shiga. Ina kyautata zaton ragowar fatar jaka ka yi amfani da ita.

Kada ka dogara da bakin mai sayarwa, gwada da kanka. Yanki ɗan ƙyalle ka dubi tsakiyar yankan: ta kurom takan nuna launin toka mai ratsin shuɗi, sai dai idan rini ya ratsa ta gaba ɗaya, ta tsiro kuwa ruwan ƙasa ce ko ja-ja. Ɗiga ruwa a fuskarta, ta tsiro da ba a shafe ta da komai ba za ta shanye ta yi duhu nan take. Ɗora jiƙaƙƙiyar ƙusa a kai na ɗan lokaci, ta tsiro za ta yi baƙin tabo. Gwajin da ba ya ƙarya shi ne tafasasshen ruwa: jefa ƙyallen a ciki, na tsiro zai takure ya nannaɗe ya yi tauri, na kurom ba zai damu sosai ba. Idan ka ƙona su ma, tokar kurom takan yi kore-kore.

Sai kauri. A littattafan Amurkawa da bidiyonsu za ka ji suna auna fata da oza, kada ya ruɗe ka, oza ɗaya kusan milimita 0.4 ce. Kuben wuƙar farauta ko ta fawa yana son oza 8 zuwa 9, wato milimita 3.2 zuwa 3.6. Ƙaramar wuƙa za ta zauna a milimita 2.5 zuwa 3. Fatar akuya da wuya ta wuce milimita ɗaya da 'yan kai, ka ga tazarar. Wurin da ka yanka a jikin fatar ma yana da tasiri ƙwarai. Gadon baya da kafaɗa su ne masu tsauri. Ciki da hammata sakwa-sakwa ne, suna miƙewa, kuben da aka yanka daga nan zai buɗe baki komai kyan ɗinkinsa. Ka bar ciki don aikin da ba ya ɗaukar nauyi.

Na san abin da za ka ce: ina za a samu? Gaskiya ne, samun ƙirgi mai kauri da aka jeme da kyau yana da wuya a ƙasar nan. Fatar shanu da yawa ganda ake yi da ita a cinye, masana'antun jima na Kano da ke Challawa da Sharaɗa kuma sun fi ƙarfi a fatar awaki da tumaki, mafi yawa da kurom, don fitarwa waje. A Amurka mai wannan sana'a waya kawai zai ɗaga ya yi odar fatar Hermann Oak, kamfanin da ke jima a St. Louis tun 1881. Kai kuwa sai ka taka. Je ka Ƙofar Wambai, ko ka sami majemi a garinku ka zauna da shi, ka gaya masa abin da kake so: ƙirgin saniya, jimar bagaruwa, a bar shi ya daɗe a ruwan jima, kada a cika masa mai, kada a buge shi har ya yi laushi kamar na jaka. Idan ya kawo, yanka gefen da ya fi kauri ka duba. Idan ka ga farin layi mai ƙyalli a tsakiya, bagaruwar ba ta ratsa ba, cikin ɗanye ne. Irin wannan yana da tauri sosai, har masu kube a Finlan da gangan suke neman mai ɗanyen ciki, amma yana wahalar da basilla, kuma a daminarmu yana iya yin wari. A farkon koyo ka nemi wanda ya jemu har ciki. Ka duba tabon wuta da na kaska da inda wuƙar mai fiɗa ta zarce, ka shimfiɗa takardar awonka ta kauce musu.

Idan ba ka samu mai kaurin ba, akwai mafita mai kyau. Manna biyu masu matsakaicin kauri, baya da baya, fuska a waje fuska a ciki. Kube mai shafi ke nan, kuma ya fi na falle ɗaya tsada a wurinsu, don cikinsa sumul yake ba ya goge wuƙa. A nan fatar akuyar bagaruwa take da gurbi: ta zama shafin ciki.

Yanzu awo. Kada ka fara da fata, fara da kwali. Ninka shi biyu, ka ɗora bayan wuƙar a kan ninkin, ka kwantar da ita gefe, ka zana. Daga layin kaifi ka ƙara kamar milimita 12 zuwa 15. Ka lura da wurin da wuƙar ta fi faɗi, domin bakin kuben dole ya wuce wannan faɗi, in ba haka ba ta shiga rabi ta tsaya. Kwali siriri ne, fata mai kauri tana cin wuri a wajen ninki, saboda haka ka ɗauki siririn yankin fatar da za ka yi aiki da ita ka naɗe ƙotar da shi ka ga ainihin abin da take ci. Kafin ka yanka kuma ka tambayi mai wuƙar da wane hannu yake zarowa. Na-dama zai rataya a dama, kaifi yana kallon baya. Idan ka kifa kwalin ta ɗaya fuskar, ka yi wa bahago kube.

Ga yankin da ya ɓace maka. Tsakanin fallen gaba da na baya, duk tsawon gefen da kaifi ke bi, ana saka siririyar fata mai kauri, faɗinta kamar milimita 10 zuwa 12, an yanke ta daidai da lanƙwasar wuƙar. Shamaki ce tsakanin kaifi da zare. Ɗinki yana ratsa fallaye uku ke nan, gaba da shamaki da baya. Duk lokacin da wuƙa ta shiga ko ta fito, kaifin a kan shamakin yake gogawa, ba ya kai wa ga zaren. Ba tare da ita ba, fallaye biyun suna haɗuwa ne su yi kwari, kwarin kuma yana jagorantar kaifi kai tsaye zuwa ɗinki. Ko da wane irin zare ka yi, zai yanke. Kuma ba asarar kube kaɗai ba ce. Mutum yana kan babur ko doki, ya faɗi, wuƙa ta fasa gefen kube, cinyarsa ce a wurin. Ni kuben da ba shi da shamaki ba na ɗaukarsa a gamammen aiki, komai zanen da aka yi masa.

Kaurin shamakin ya yi daidai da kaurin bayan wuƙar ko ya ɗan fi. Idan wuƙar mai kaurin ƙota ce, ana ƙara wani ɗan yanki a kusa da baki, a fere shi ya siranta zuwa ƙasa, don bakin ya buɗe. A can ƙasa wajen tsini ka bar ɗan rami ƙarami, ruwan da ya shiga ya samu hanyar fita. Wasu suna maye gurbin shamaki da ƙusoshin ribit a jere. Ban yarda da wannan ba, kaifi zai riƙa karo da ƙarfe yana dakushewa. Idan kana son ribit, ɗaya a baki ya isa, shi ma a cikin shamakin.

Tsarin aikin yana da muhimmanci, domin akwai abin da idan ka rufe kube ba ka sake isa gare shi. Zane da rini su ne farko. Sannan madaukin bel: ka ɗinke shi a fallen baya tun kuben yana buɗe. Ta ciki ka fere 'yar hanya a fatar yadda zaren zai nutse, kada tsinin wuƙa ya same shi. Idan za ka sa maɓallin ƙarfe, ka rufe bayansa ta ciki da siririyar fata, kada ya karce wuƙar. Igiyar da ke riƙe ƙota kuma ta zagayo ta ɓangaren bayan wuƙa, ta yadda idan an buɗe za ta kauce wa kaifi. Kube nawa ne masu kyau suka lalace saboda mai su ya yanke igiyar da kansa a zarowar farko. Bayan wannan sai ka kankare wuraren da za su haɗu, ka shafa gam irin na masu takalma, ka bari ya sha iska, ka manna, ka daddanna da guduma ta katako. Gam riƙo yake yi kafin ɗinki, ba shi ne ƙarfin kuben ba.

Ɗinkin kansa da allura biyu ake yi a zare ɗaya. Ka ja layi kamar milimita 5 daga gefe, ka fere hanya marar zurfi a kai, ka sa alamar ramuka da tazarar milimita 4 ko kusa da haka. Su suna cewa ɗinki 6 zuwa 7 a inci ɗaya. Kada ka matse su fiye da haka a fata mai kauri, ramuka masu yawa kusa da juna yanka ne. Ka huda da basilla mai kaifi, a miƙe, domin kaurin fallaye uku ya kai santimita guda, ɗan karkacewa kaɗan zai sa layin baya ya yi ta yawo. Zaren ya zama mai kaurin milimita 0.8 zuwa 1, an shafe shi da kakin zuma, tsawonsa kamar ninki biyar na layin ɗinkin. Kowane rami allurar dama ta shiga, ta hagu ma ta shiga, ka ja su tare da ƙarfi iri ɗaya. Fifikon wannan ɗinki a kan na keke shi ne, na keke zare biyu ne da suka sarƙe a tsakiya, ɗaya ya tsinke sai layin ya bi shi ya warware. Na allura biyu kuwa kowane zare yana ratsa fatar gaba da baya, idan ɗaya ya tsinke ɗayan yana nan riƙe. A ƙarshe ka koma baya rami biyu ko uku, ka yanke. Bakin kube shi ya fi shan wahala, ka ninka ɗinkin wurin. Idan ka sami littafin Al Stohlman a kan ɗinkin fata da hannu, ka riƙe shi da kyau, zane-zanensa sun isa su koyar da kai ko Turancin bai zauna ba.

Sai matsewa, wadda ita ce ke ba kuben siffar da ta burge ka a hoto. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi, fatar bagaruwa kuma tun tana jiƙe. Shafa wa wuƙar mai, ka naɗe ta da leda sosai har ƙota. Tsoma kuben a ruwa mai ɗumi, wanda hannunka zai zauna a ciki ba tare da damuwa ba, na ɗan lokaci kaɗan, har fatar ta yi laushi amma ba ta yi sharkaf ba. Ka guji ruwan zafi, gwajin tafasasshen ruwan nan ya nuna maka abin da zai faru. Ajiye shi ya ɗan tsane, ka saka wuƙar, ka shiga dannawa da yatsu da ƙaho mai santsi ko ƙashi, kana bin gefen ƙota da wuyan wuƙar, inda riƙon yake. Yanke farcenka tukuna, jiƙaƙƙiyar fata ba ta manta tabo. Kada wani ƙarfe ya taɓa ta, kada ka ajiye ta a teburin da ke da garin ƙarfe. Idan siffa ta zauna, zare wuƙar a hankali, ka goge ta, ka bar kuben ya bushe a inuwa mai iska, kwana ɗaya ko fiye. Kada ka shanya a rana tsaka ko kusa da murhu, zai ƙame ya tsage. Da hunturu yana saurin bushewa, da damina kuwa sai ka sa ido saboda fumfuna.

Idan ya bushe ga gwajinsa: saka wuƙar, ka kifa kuben a kan tabarma, ka girgiza a hankali. Kube mai zurfi da ya haɗiye rabin ƙota bai kamata ya saki wuƙar ba. Kuma ya kamata ta fito da hannu ɗaya ba tare da kokawa ba.

Tsatsa tana da tushe biyu. Masu wannan sana'a sun daɗe da lura cewa gishirin da ke saura a fatar kurom yana cin ƙarfe idan laima ta samu, shi ya sa ba sa yarda ta taɓa wuƙa ko bindiga. Amma kada ka ɗauka ta bagaruwa ba ta da nata. Ai ka san kuloko: baƙin da yake bayarwa haɗuwar ƙarfe ce da sinadarin bagaruwar da ke cikin fata. Abin da ke faruwa ke nan idan aka mayar da jiƙaƙƙiyar wuƙar maƙera cikin kube, fatar ta yi baƙi, wuƙar ta yi tabo. Kowace fata tana shan laimar iska ta riƙe. Don haka wuƙar da za a ajiye wata da watanni, kamar ta layya, a shafa mata mai a ajiye ta daban da kubenta. Tagulla ma idan ta daɗe a jikin fata tana yin koren datti, sai an riƙa gogewa.

Wajen mai, hannunka ya yi sauƙi. Jiƙawa da bushewa suna fitar da man fata, tana bukatar kaɗan a mayar mata, shafa ɗaya siririya ta waje. Idan ka cika, duk taurin da ka sha wahala a kai zai tafi, kuma ba ya dawowa. Su man ƙafar shanu suke amfani da shi. Kakin zuma da aka narka da ɗan man kaɗe yana aiki, yana kuma kare ruwa. Man gyaɗa da yawa yana yin ɗoyi ya jawo ɓera, baƙin man inji kuwa kada ya kusanci fatarka. Gefen kuben ka daidaita shi da wuƙa, ka bi da samfefa, ka kashe kaifin kusurwoyin, ka ɗan jiƙa, ka goga da katako mai santsi ko tsumman kyambas da sauri har ya yi sheƙi, sannan kaki. Mai saye da ya san kaya gefen yake fara shafawa. Rini kuma ba sai ka nemi na waje ba, karan dafi da kuloko da gangamau duk suna kama fatar bagaruwa.

Zanen furannin da ka gani, mai zagaye-zagaye da rassa suna bin juna, ana danganta shi da garin Sheridan a jihar Wyoming, kuma sunan Don King, mai sirdi, shi ne ya fi fita a kansa. Asalin sassaƙa fure a fata kuwa ta hannun masu sirdin Meziko ya shigo. Ana yin sa tun fata tana shimfiɗe. A jiƙa ta, a jira har launinta ya kusa komawa yadda yake amma tana da sanyi a taɓawa. A yanka layin zanen da 'yar wuƙa mai juyawa a yatsa, zurfin kamar sulusin kaurin fatar zuwa rabi, sannan a bi gefen layin da ƙananan ƙarafan bugu ana danne ɓangare ɗaya, furen ya taso. Ana yi a kan dutse mai santsi. Bugu yana sa fata ta baje, saboda haka a manna kwali a bayanta kafin a fara. Ka kuma sani cewa matsewa da ruwa tana dusashe zane, don haka ka ajiye zanen a shimfiɗaɗɗen wurin da ke kan ruwan wuƙa, ka bar wajen ƙota fili. Ƙarafan bugun ba sai ka yi oda ba, masu sirdin farko da kansu suke ferewa daga manyan ƙusoshi. Maƙeri zai yi maka, amma ya yi da tagulla ko ƙarfen da ba ya tsatsa.

Ra'ayina a nan, ka koyi dabarar bugun amma kada ka tsaya a furen Sheridan. Dubban mutane suna yin sa, wasu tun kakanninsu. Dagi da sauran zanen da ke kan gafaka da kayan doki da bangon gidajenmu suna zama daram a ƙirgi mai kauri idan an buga su da wannan dabara, kuma ba kowa ke da su ba sai ku.

Game da gidan bindiga, hanyar ɗinkin ɗaya ce, amma ka san abu biyu. Na farko, wanda ake gani a fim yana reto a cinya ba shi ne na makiyayan asali ba. Nasu a sama yake a ƙugu, yana haɗiye kusan duk bindigar, don kada ta faɗi a kan doki. A shekarun 1850 siriri ne mai bin jikin libarba, irin na California. A shekarun 1870, da aka koma harsashi mai kwanso, irin na bindigar Colt ta 1873, bel ya yi faɗi don a jera harsasai, sai aka fito da wanda ake ninka fatar ta baya a zura jakar cikin madaukai, salon da ake dangantawa da Meziko. Mai saukowa cinya daga baya ya zo, wajen shekarun 1920, Hollywood ta yayata shi, har a shekarun 1950 wani mai yin gidan bindiga, Arvo Ojala, ya riƙa saka ƙarfe a cikin nasa don 'yan wasa su zaro da sauri. Na biyu, a Najeriya dokar makamai ta 1959 ta sa ƙaramar bindiga a jerin waɗanda aka haramta riƙewa sai da izini na musamman. Ana matse gidan bindiga ne a jikin bindigar ko gunkinta, kuma kai ba ka da dalilin ajiye bindigar kowa a shagonka. Idan ba hukuma ce ta ba ka aiki a rubuce ba, ko masu shirya fim da bindigar roba, ka bar wannan ɓangare.

Kasuwarka tana wani wurin, kuma tana da faɗi. Mahauta da mafarauta da masu gasa nama suna yawo da wuƙaƙe masu kaifi a naɗe da tsumma ko kwali. Gabanin babbar salla maƙera suna sayar da wuƙa ba adadi, yawanci tsirara, ka haɗa kai da maƙeri ɗaya ku riƙa fitar da wuƙa da kubenta tare. Masu gyaran wuta da kafintoci suna bukatar gidan filaya da na awo a bel. Masu hawan salla suna bukatar linzami da ragama da bauji da kuben takobi da ba zai saki a tsakiyar hawa ba. Duk waɗannan ƙirgi ɗaya ne da ɗinki ɗaya. Irin wannan kube ya fi na kasuwa cin lokaci da fata, don haka farashinsa zai fi, kuma mai saye zai tambaye ka dalili. Ka ajiye guda ɗaya da ka tsaga biyu a shago, ka nuna masa shamakin da idonsa, ka ba shi wuƙa ya kifa ya girgiza. Kowane kube kuma a jikin wuƙarsa ake matse shi, saboda haka ka ce ya kawo wuƙar tasa ya bar maka ita har ka gama.